Madara, koko da taurin bayan gida: abin da ke damun yaro bayan yaye

Akwai wata tsayuwa da duk uwar da ta yi fama da wannan matsala za ta gane. Yaro ɗan shekara biyu yana cikin wasa sai ya tsaya cak, ya laɓe a bayan ƙyaure, ya ɗage dugadugai, ya matse cinyoyi, idanu su kaɗa, jijiyar wuya ta tashi. Uwa ta ce, "Ga shi nan yana ta nishi, abin ya ƙi fita." Amma sau da yawa ba nishin fitarwa yake ba. Riƙewa yake yi da iya ƙarfinsa, domin bai manta zafin da ya ji wancan karon ba.

Daga nan shawarwari su fara zuwa ta ko'ina. Kaka ta ce zaƙi ne ya yi masa yawa, maƙwabciya ta ce basir ne, wata ta ce ɗankanoma ne, a nemo jiƙo. A 'yan shekarun nan kuma ga sabuwar magana tana yawo a wayoyi, wai madarar shanu ce ke busar da cikin yara, a daina ba su, a koma madarar waken suya ko kunun aya. Maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar ba ta kai faɗin da ake ba ta ba. A irin gidajenmu kuwa, inda yara da yawa ko madarar ba sa samu isasshiya, ɗaukar maganar ido rufe na iya jawo cutar da ta fi ta farko.

Bari a fara da yadda abin yake ƙulluwa. Idan abinci ya gama narkewa, ragowar takan gangara babban hanji, wanda babban aikinsa shi ne tsotse ruwa. Muddin kashi na zaune a can, ana ci gaba da tsotse ruwansa, yana ƙara tauri yana ƙara girma. Ranar da yaro ya yi mai tauri ya ji zafi, wani lokaci har bakin dubura ya ɗan tsage a ga ɗigon jini, to ya ɗauki darasi. Gobe idan ya ji yana zuwa sai ya matse. Matsewar ta sa ya ƙara kwana a ciki, ya ƙara bushewa, fitarsa ta fi ta jiya ciwo. Idan aka ɗauki makonni a haka, ƙarshen hanji yakan buɗe ya saba da kaya, har yaron ya daina jin alamar cewa lokaci ya yi. A nan ne wani abu mai ruɗarwa ke faruwa: kashi mai ruwa daga sama yakan zagaye dunƙulen mai tauri ya riƙa ɗiga a wando. Uwa ta ga wando na ɓaci sau uku sau huɗu a yini, ta ce gudawa ce, a tafi kemis a sayo maganin tsayar da gudawa, alhali cikin a toshe yake. Wasu yaran har duka suke sha a kan wannan ɗigar, ana cewa ƙazanta ce, kuma wallahi ba su san ma yana fita ba.

Likitocin yara sun ce fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan matsala ba wata cuta ce a hanji ke kawo ta ba, wannan zagayen ne na zafi da tsoro da riƙewa. Kuma ba ƙirga kwanaki kawai ake yi ba. Yaron da ke tsallake kwana ɗaya amma yana yin mai laushi ba tare da kuka ba, lafiyarsa ƙalau. Wanda ke yi sau biyu ko ƙasa da haka a mako, ko yake yin mai tauri kamar kashin awaki, ko mai kauri da ya fi ƙarfin jikinsa, yana kuka, kuma an kai wata guda a haka, shi ne mai matsala.

Ba banza ba abin ya fi kama yara tsakanin shekara ɗaya da uku. A wajenmu lokacin yaye ne. A rana ɗaya ake raba yaro da nono, a gidaje da yawa ma a ɗauke shi a kai wa kaka. Nonon uwa abinci ne kuma ruwa ne, yana sa kashi laushi. Da an janye shi sai koko da shayi da burodi da biskit su maye gurbinsa. A daidai wannan tsakanin ne kuma ake matsa masa ya koyi zaman fo, wani ma a sa shi makarantar reno inda ba ya sakin jiki ya yi bayan gida. Abubuwa uku ko huɗu sun sauya a tare, amma da yake madara ce sabon abin da ido ke gani a kofi, ita ake fara zargi.

Madara tana iya taurara ciki ta hanya biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce yawa. Madara ba ta da faiba, wato irin dusa da zare-zaren ganye da na 'ya'yan itace waɗanda hanji ba ya narkarwa, su ne kuma ke riƙe ruwa su ba kashi jiki da laushi. Yaron da ke yawo da fida a baki daga safe zuwa dare, ya sha madara ya ƙoshi, ba zai kalli tuwo da miya ba. Ga shi kuma madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, don haka mai yawan shanta yakan haɗa taurin ciki da ƙarancin jini. Abin da likitocin yara suka fi tsayawa a kai ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku shi ne kusan rabin lita a yini, kwatankwacin leda ɗaya ta fiya wata, kuma kada ta wuce mililita 700. Irin wannan yaron ba hana shi madara za a yi ba. Rage ta za a yi, a ba shi a kofi bayan ya ci abinci, a raba shi da fida. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Hanya ta biyu ita ce jikin wasu yara ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu, wato sinadarin gina jiki da ke cikinta. Yakan sa bangon ƙarshen hanji ya kumbura, bakin dubura ya yi ja ya tsattsage, kashi ya zama azaba ko da bai yi tauri sosai ba. Binciken da ya fito da wannan fili an yi shi ne a Palermo ta ƙasar Italiya, aka buga a 1998. Yara 65 ne, 'yan wata 11 zuwa shekara 6, dukkansu masu daɗaɗɗen taurin bayan gida da aka ba magani bai yi ba. Aka riƙa ba su madarar shanu mako biyu, ta waken suya mako biyu, ba tare da iyaye ko likitocin sun san wacce ce a kofin ba. Yara 44 suka samu sauƙi lokacin da suke kan ta waken suya, babu ko ɗaya da ya samu sauƙi a kan ta shanu. Sakamako ne mai ƙarfi, kuma daga shi yawancin maganar da ke yawo yau ta samo tushe. Amma a lura da su wane ne yaran: waɗanda aka riga aka gwada wa magani ya gaza ne, aka tura su asibitin ƙwararru. Ba su wakilci kowane yaro da ya kwana biyu bai yi kashi ba. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin hanjin yara na Turai da Arewacin Amurka, a jagorar da suka fitar tare a 2014, ba su ce a hana kowane yaro madara ba. Cewa suka yi, yaron da aka yi wa maganin da ya dace bai ji sauƙi ba, ana iya gwada janye masa ita na mako biyu zuwa huɗu.

Gwaji ne mai wa'adi, kuma yana da ƙa'ida. A cikin makonnin nan ba madarar kofi kaɗai ake janyewa ba, har da nonon shanu da kindirmo da yogot da cuku da man shanu da askirim, da biskit ko kek da aka yi da madara. Madarar gari ta ƙulli ko ta ƙaramar leda ma tana ciki, domin ko an cire mata manta an sa man itace, furotin ɗin na shanu ne. Idan mako huɗu ya cika babu wani sauyi, to ba ita ba ce, a mayar wa yaro abinsa. Idan an ga sauƙi, sai a sake ba shi a gani. Matsalar ta dawo, an kama mai laifi. Ba ta dawo ba, to dama wani abu ne ya gyaru. Wannan matakin na sake gwadawa shi ne aka fi tsallakewa, sai ka ga yaro ya shekara uku ba a ba shi madara a kan zato. Wanda ya taɓa kumbura fuska, ko ya yi borin jini ko sarƙewar numfashi bayan shan madara, shi kam ba a sake gwada masa a gida, sai a gaban likita. Ko waɗanda aka tabbatar jikinsu ba ya karɓa, da yawa sukan warware da kansu idan sun ƙara girma.

To da me za a maye gurbinta? A nan ne nake ganin an fi yin kuskure, domin ba duk farin abin sha ne madara ba. Nonon akuya da na tunkiya furotin ɗinsu ya yi kama da na shanu ƙwarai, yawancin yaran da jikinsu ya ƙi wannan zai ƙi waɗancan. Madarar da aka rubuta an cire wa laktos ita ma ba ta da amfani a nan, don laktos sukari ne, wanda bai iya narkar da shi ba kumburin ciki da tusa da gudawa yake yi, furotin ɗin kuwa yana nan daram. Madarar shinkafa kusan ruwa ce da sitaci, hukumomin lafiya a Birtaniya ma sun ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba saboda arsenik, wani sinadari mai guba da shinkafa ke tsotsa daga ƙasa. Ta kwakwa mai ne da yawa, furotin kaɗan. Kunun aya kuwa, duk da daɗinsa, faibar ayar tana tafiya ne da tuƙar da aka tace aka zubar, abin da ya rage furotin ɗinsa kaɗan ne, ga sukari, ga saurin lalacewa a zafi. A ba yaro ya sha don marmari, amma ba zai tsaya a matsayin madara ba.

Wadda ta fi kusa ita ce ta waken suya. Furotin ɗinta ya kai kusan giram 3 a kowace mililita 100, daidai da na shanu, kuma waken ba baƙo ba ne a gare mu, da shi ake awara a kowace unguwa. Sai dai wadda aka yi a gida tana bukatar tafasa sosai kafin cikin yaro ya iya da ita, kuma ba ta da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kamar ta kanti da aka ƙara wa. Wasu yaran ma jikinsu yakan ƙi ta kamar yadda ya ƙi ta shanu. Ga ɗan ƙasa da shekara ɗaya, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye nonon uwa. Uwar da ba ta yaye ba tukuna, mafi alheri ta ci gaba har shekara biyun da addini da likitoci suka haɗu a kai.

Maganar kalsiyam ba ƙarama ba ce a ƙasarmu. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos an yi wani bincike da aka buga a 1999 a kan yara masu laushin ƙashi, waɗanda ƙafafunsu suka lanƙwashe suka zama gwame ko baka. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ne ke kawo wannan. A Jos sai aka ga yaran rana ba ta yi musu ƙaranci ba, kalsiyam ne babu a abincinsu, kusan miligiram 200 kawai suke samu a yini, kuma da aka ba su shi ƙasusuwan suka warke fiye da na waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Ma'aunin Amurka ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku miligiram 700 ne, kofi ɗaya na madara kuma yana ba da kusan 300. Don haka duk wanda zai janye wa yaro madara, wajibi ne ya san inda kalsiyam zai fito: garin ƙananan kifi da aka daka da ƙashinsu a zuba a miya ko a fate, kuka, zogale, riɗi, tamba. Cire madara a bar yaro da koko zalla, an rage masa abin gina jiki ne kawai, cikin kuma ba lallai ya saki ba.

Ni a ganina, a yawancin gidajenmu kokon ya fi madarar cancantar a duba shi. Gero da dawa hatsi ne masu faiba, amma dubi hanyar da suke bi kafin su isa bakin yaro. A surfa a fitar da dusa, a jiƙa, a markaɗa, a tace da abin tata mai laushi, a sake tacewa, duk abin da ya maƙale a ba awaki. Abin da ya kwanta a ƙasan roba, kamun nan mai santsi, sitaci ne kusan zalla. Yaro ya sha shi da safe da sukari, da rana farar shinkafa ko taliyar leda, da yamma biskit da cincin, da dare tuwon shinkafa ya tsame loma ya bar miyar. Yini guda ke nan babu abin da zai riƙe wa hanji ruwa. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A riƙa dama kunu da garin da ba a tace ƙwarai ba, a haɗa da gyaɗa ko waken suya. A ba shi wake da ya dahu luguf, alale, faten dankali da alayyafo, kabewa. Miyar kuɓewa da ta kuka da karkashi, yauƙin nan nasu faiba ce mai riƙe ruwa, a yawaita miyar a rage tuwon. Gwanda nunanniya tana cikin abin da ya fi saurin aiki, haka mangwaro a lokacinsa, da kankana, da lemo a ci da totuwarsa maimakon a matse. Ayaba a bari ta nuna sosai. Dabino a cire ƙwallon, a jiƙa, a dama a kunu, ya maye sukari. Kunun tsamiya ma yana taimakawa. Gyaɗa da aya ɗaiɗai dai kada a ba ƙaramin yaro, suna iya shaƙe shi, sai an niƙa.

A shigo da waɗannan a hankali. Idan aka ɗura wa yaro wake da ganye a rana ɗaya, kumburi da murɗa zai yi, ya ƙi abincin gaba ɗaya. Kuma faiba ba ta aiki sai da ruwa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, yaro yana zubar da gumi yini guda, kuma ɗan shekara biyu ba ya barin wasa ya ce ƙishi yake ji. Sai an bi shi da kofi. Fitsarinsa ne ma'auni, idan ya yi ja ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba. Lemon kwali da na kwalba ba ruwa ba ne.

Sai zaman fo. Hanji yakan motsa da kansa jim kaɗan bayan cin abinci, don haka a zaunar da yaro minti biyar bayan karin kumallo da bayan abincin dare, ko ya yi ko bai yi ba, babu tsawa babu duka, a yaba masa don ya zauna. Tsuguno irin namu ya fi sauƙaƙa fita, wanda ke amfani da masai na zama a sa masa abin taka ƙafa. Yara da yawa tsoron ramin masai da duhunsa ne ke sa su riƙewa, su fo ya fi musu. Idan kuma abin ya zama yaƙi, a dakatar da koyarwar har kashin ya yi laushi.

Akwai gaskiyar da masu tallar sauya abinci ba sa faɗa. Yaron da ya yi watanni yana riƙewa, dunƙule ya riga ya zauna, gwanda da ruwa kaɗai ba za su fitar da shi ba. Yana bukatar maganin tausasa kashi irin su makrogol ko laktulos, a ma'aunin da likita ya yanke, a fara da kwashe abin da ya taru, sannan a ci gaba. Jagorar 2014 ɗin nan ta ce a yi aƙalla wata biyu ana sha, kuma kada a daina sai an yi wata guda cur babu matsala, a janye a hankali. Iyaye sukan tsaya bayan kwana uku da zarar sun ga ya yi, don tsoron kada ciki ya saba da magani. Waɗannan magungunan, aikinsu jawo ruwa ne cikin hanji, ba sa kashe shi. Abin da ake jira shi ne hanjin da ya buɗe ya koma daidai, yaron kuma ya manta da zafin, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci. Cusa sabulu a dubura, da ɗura ruwan kanwa, da jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, suna iya ƙona fata mai laushi ko su jawo gudawar da za ta ƙarar da ruwan jiki, kuma suna ƙara wa yaro tsoron wurin da ake so ya daina tsoro. Idan yana shan maganin ƙarin jini, shi ma yakan taurara ciki, a gaya wa likita maimakon a yanke shi a gida.

Wasu alamomin kuma ba na abinci ba ne sam, asibiti suke nema ba tare da jinkiri ba: ciki ya kumbura ya yi tauri, amai kore, jini mai yawa ko wanda ya gauraya da kashi, zazzaɓi, yaro yana ramewa ko ya daina girma, ƙafafu sun yi rauni. Gubar dalma ma tana kawo taurin ciki da murɗa, abin lura ga mazauna wuraren haƙar zinariya bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, da kuma masu sa wa yara kwalli na dutse. Idan matsalar tun yaro yana jariri take, tambayar da likita zai fara yi wa uwa ita ce yaushe ya yi baƙin kashinsa na farko. Wanda ya wuce kwana biyu da haihuwa bai yi ba, ana bincikar ko an haife shi ne da wani yanki na ƙarshen hanji da ba shi da jijiyoyin da ke tura kashi, wannan kuwa aikin tiyata ne.